Kafin Littattafan Magabatanmu Su Mutu A Cikin Kwamfuta

Rubutun wannan makon ya samo asali ne daga abin da ya faru da mu a Tudun Wada. Wani dattijo cikin iyayen ƙungiyarmu ya kawo mana tsohon faifan CD, ya ce littattafansa uku na ciki, yana so a sake buga su. Da PageMaker aka tsara su, tun wasunmu ba su shiga firamare ba. Muka saka a kwamfuta, fayil ya ƙi buɗuwa. Da ƙyar muka ciro wani ɓangare, sai ga "}asa" a gurbin "ƙasa", ga "]aya" a gurbin "ɗaya". Baba ya yi shiru, can ya ce, "Yara, shi ke nan sun tafi?"

Ba su tafi ba. A shekarun 1990 manhajojin rubutu ba su da haruffanmu masu lanƙwasa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da samfurin haruffa irin su Rabiat da Abdalla, inda aka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan alamomin da ba a cika amfani da su ba. Ido yana ganin ƙ, kwamfuta kuwa alama ta adana. Idan samfurin ba ya nan, asiri ya tonu. Ita kuma PageMaker, ta 7 ce ta ƙarshe, a 2001, daga nan kamfanin Adobe ya koma InDesign, shi ya sa ba ta jituwa da sabuwar Windows.

Mafitar da muka bi ita ce kwamfuta cikin kwamfuta. Akwai manhajar kyauta mai suna VirtualBox, wadda ke ware ɗaki a cikin kwamfutarka ka saukar da Windows XP kamar baƙo. A nan muka sha wahala, ga abin da muka koya.

Idan baƙon ya ƙi tashi, aka ambaci VT-x ko AMD-V, a kashe kwamfuta a shiga BIOS a kunna wannan saitin. Idan komai ya yi nauyi, a duba rabon ƙwaƙwalwa: kwamfuta mai gigabait 4, gigabait 1 ya ishi XP, kada a yi wa baƙo shimfiɗa mai gida ya kwana a ƙasa. Idan allo ya tsuke, ko fayil ya ƙi tsallakawa tsakanin ɓangarorin biyu, ba a saka Guest Additions ba ne. Idan har yanzu alamomi ake gani, a cikin baƙon ake saka samfurin haruffan, domin na mai gida ba ya isa gare shi. Sannan a cire wa XP intanet, tunda Microsoft ta daina ba ta kariya tun Afrilun 2014. Mu da muka san halin wutarmu, mu riƙa rufe baƙon yadda ya kamata mu kwafe shi a filash, saboda ɗaukewar wuta ɗaya na iya lalata shi gaba ɗaya.

Ga ra'ayinmu. Wasu masu shagunan buga takardu na cewa tunda dabarar tana aiki, a ci gaba da tsara littattafai a haka. Mun fahimce su, hannunsu ya saba, kuma abincinsu ke nan. Amma ba mu yarda ba. Mai karatunmu na yau a waya yake, a Kiru ko a Riruwai, kuma wayarsa ba ta san Rabiat ba. Rubutun da ƙ ɗinsa alama ce ba ya nemuwa a intanet, ba ya kwafuwa lafiya. Wanda ya zauna a cikin baƙuwar kwamfuta ya ɗaga matsalar ne kawai zuwa kan 'yan baya.

Don haka a shiga, a ciro rubutu, a fito. A buɗe shi a Word, a musanya kowace alama da harafinta na Unicode, manya daban ƙanana daban. Daga nan a karanta shi layi-layi, domin musanyar kan taɓa alamar da marubuci ya saka da gangan. Makonni biyu muka yi a kan littafin Baba na farko. Yanzu jikarsa na karanta masa shi a waya, yana gyara mana inda muka yi kuskure.

Muna roƙon 'yan uwa na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kowa ya tambayi dattawan marubutan garinsu: ina faifan, ina tsohuwar kwamfutar? Faifai na lalacewa, masu shaguna na sayar da tsofaffin na'urori ga 'yan gwangwan. Da sanyin safiya ake kama fara. Wanda ya samo ya yi magana a nan zaure, za mu taru mu yi aikin tare.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.