Shawarar Wata: Kamara da Katinta

Wani mai ɗaukar hoto na Kwaya ya kawo mana kuka. Ya ɗauki hotunan biki tun safe har magariba. Da ya koma gida, kamara ta ce kati ya lalace. Ga iyayen amarya sun biya kuɗi, ga biki ba ya maimaituwa. Don haka a wannan wata za mu yi magana bisa katin ajiya, wanda yara ke ce ma memwar.

Na farko, in kamara ta ce kati yana kulle, ku duba gefensa na hagu. Akwai ɗan makulli. Ku tura shi sama, shi ke nan.

Na biyu, kati iri-iri ne. SD na asali ya fito a 1999, ba ya wuce jiga 2. SDHC ya fito a 2006, yana kai jiga 32. SDXC ya fito a 2009, ya fi haka girma. Tsohuwar kamara ba ta karanta sabon kati mai girma. Ku tafi kasuwa da kamararku, a gwada gabanku.

Na uku, ku yi hattara da jabu. Wani katin an rubuta masa jiga 64, alhali cikinsa bai kai haka ba. In ya cika, hotuna su riƙa lalacewa ba ka sani ba. Araha ba ta ado.

Na huɗu, ƙurar hunturu da rairayi na ƙasar Magarya da Dungas su ne manyan abokan gaba. Su ke hana idon kamara fitowa. Kada ku ja shi da ƙarfi. Ku ajiye kamara cikin jaka, ku goge ƙarfen kati da ƙyalle busasshe. A bazara kuma kada a bar batir cikin rana.

Na biyar, kada ku zare kati ko batir muddin ƴar fitila tana ƙyaftawa. Lokacin ne kamara ke rubutu. Abin da ya sami mutumin Kwaya ke nan.

In hotuna sun ɓace, ku tsaya nan. Kada ku ƙara ɗaukar ko ɗaya, kada ku yarda a wanke katin. Sau da yawa hotunan suna nan, sai sabon hoto ya hau kansu ne suke tafiya. Ku kai ma mai kwamfuta a Magarya ko Damagaram. Akwai manhaja ta kyauta, PhotoRec, da ke tono su.

Daga ƙarshe, katin aiki daban, katin waƙoƙi daban, don wajen ɗura waƙa ake kwaso cutar kwamfuta. Kowane biki ya wuce, ku kwafe hotuna waje biyu. Manomi na kirki ba ya zuba irinsa duka a rumbu guda.

Wanda ya karanta ya gaya ma wanda bai karanta ba. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.