Ba Rana Za Ta Kai Mu Zanzibar Ba



Duk shekara idan watan Yuli ya kama, aka ba yara dogon hutu, sai ka ga tallace-tallace sun cika wayoyinmu, wai ka zo ka yi hutu a tsibiri mai rana. Ga hoton farin yashi, ga teku shuɗi, ga Bature kwance rashe-rashe yana shanya jikinsa kamar an baza barkono a kan tabarma. Shi Bature ban ga laifinsa ba, don a ƙasarsu mutum kan yi makonni gari a lumshe, sanyi na ratsa shi har ƙashi. Amma mutumin Gwarzo ko Kabo, wanda ya sha zafin Afrilu, ma'auni ya haura 40, ya kwana a tsakar gida yana fifita har asuba, a ce ya cire kuɗi ya je shan rana? Ai da rana abin sayarwa ce, da mu ne dillalanta.

Duk da haka ni ina cikin masu cewa wanda Allah Ya hore wa, ya daure ya je tsibiri ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa, kuma idan za shi, ya nufi Zanzibar. Dalilina dai daban ne da na masu tallar.

Mu mutanen tudu ne. Tafiyarmu ba ta wuce aikin hajji, fatauci, biki, ta'aziyya ko asibiti. Idan ka ce za ka yi tafiya don kawai ka ga gari, sai a yi maka kallon wanda kuɗi suka yi wa yawa. Babban ruwan da yawancinmu muka taɓa gani shi ne dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, wanda aka gama a 1992, ko na Tiga ga wanda ya taɓa zuwa yawon makaranta. Saboda haka a tunaninmu Musulunci da ilimi da fatauci duk a bayan raƙumi suke tafiya, don ta Sahara suka iso mana. Zanzibar za ta nuna maka cewa akwai wasu baƙaƙen fata Musulmi 'yan uwanmu da duk waɗannan abubuwa suka iso musu a jirgin ruwa mai filafilai, iska ce ke kawo shi daga Oman da Yaman da Indiya, idan ta juya ta mayar da shi.

A ƙauyen Kizimkazi da ke kudancin tsibirin akwai masallacin da aka rubuta tarihinsa a jikin bango da rubutun Kufi, shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Mai karatu ya auna: wannan fa ya riga zamanin Sarkin Kano Yaji, wanda Wangarawa suka zo a lokacinsa, da fiye da shekara 200. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, za ka ji kiran salla a kowace unguwa, mata da lulluɓi, maza da farar riga da hula, ba sai ka tsaya tambayar wa ya yanka naman ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne harshensu. Ka kasa kunne ka ji Suwahili, sai ka riƙa tsintar kayanka a ciki: suna cewa habari inda muke cewa labari, sabuni a maimakon sabulu, kalamu a maimakon alƙalami, asubuhi a maimakon asuba, ga dunia, ga Alhamisi, ga Ijumaa. Rijiya ɗaya muka sha, sai dai kowa da gugansa. Su ma sun daɗe suna rubuta waƙoƙinsu da ajami kafin boko, kamar yadda malamanmu suka yi. Shaihu Abdallah Saleh al-Farsy, wanda fassararsa ta Alƙur'ani da Suwahili ta fito a 1969, haifaffen Zanzibar ne. Aikin da Shaihu Abubakar Gumi ya yi mana shi ya yi musu. Masu ƙorafin cewa finafinanmu sun cika kwaikwayon Indiya kuwa, su sani tun 1928 mawaƙiyarsu Siti binti Saad ta tafi har Bombay aka ɗauki muryarta a faifai. Ga marubutanmu kuma, Abdulrazak Gurnah da ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2021, a wannan tsibiri aka haife shi a 1948. Ɗan wuri ne da za ka iya ratsawa a mota cikin wuni guda, amma dubi abin da ya fitar. Ni dai wannan yana sa ni tambayar kaina abin da ya hana namu adabin fita, alhali masu jin Hausa miliyoyi ne.

Ba daɗi zalla za a gani ba. A tsohon garin, wanda ake kira Stone Town, akwai inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, aka gina coci a wurin. Sarakunan Oman, tun daga Sayyid Sa'id da ya mayar da fadarsa can wajen 1840, da gumin bayi suka raya gonakin kanumfari. Wannan kanumfarin da uwargida ke jefawa a kunu da zoɓo, a can za ka ga bishiyarsa, ka ji tarihinsa. Kuma Bahaushen da ya tsaya a wannan kasuwa bai kamata ya yi ta tsaki yana zagin Larabawa kawai ba, don mu ma an sayar da mutane a kasuwanninmu, magana ce da ba mu cika son tayarwa ba. Ƙarshen sarautar can bai yi kyau ba, juyin juya halin Janairun 1964 ya ci rayuka masu yawa, bayan wata uku tsibirin ya haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya.

Lokacin ma ya yi daidai da hutun makaranta. Su suna kudu da tsakiyar duniya, manyan ruwansu daga Maris zuwa Mayu ne, daga Yuni zuwa Oktoba kuwa gari a bushe yake, da iska mai daɗi. Sai dai nan gizo ke saƙar: watannin nan su ne tsakiyar daminarmu. Manomin Getso ko Garo da ke fama da noman dawa da masara da neman taki, ba shi nake yi wa magana ba, wanda ya bar gona a Agusta ya san abin da zai tarar a rumbu. Da malamin makaranta nake, da ma'aikaci, da ɗan kasuwar da ya sauke farali kuma ba a bin sa bashi, wanda kuɗin da zai kashe a lefen gasa ko sauya mota sun isa su kai shi da iyalinsa. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 tafiyar ta yi tsada ƙwarai, ga biza da dole ka nema tun kana gida, ga inshorar dala 44 da hukumar tsibirin ta ɗora wa kowane baƙo tun Oktoban 2024. Wanda zai je da iyali kuma ya kama masauki a cikin gari, ya bar wa Turawa gaɓar Nungwi, don shigar da ake yi a can ba wadda za ka so 'ya'yanka su gani ba ce.

Sai maganar ruwan kansa. Daga Darussalam zuwa tsibirin kimanin awa biyu ne a jirgin ruwa, akwai kuma ƙananan kwale-kwale masu kai mutane tsibiran kusa. Mu ba mu iya iyo ba, kuma ba mu manta da kwale-kwalen da ya kife a Bagwai a Nuwamban 2021 ba, wanda ya tafi da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Su ma can jirgin Spice Islander ya nutse da ɗimbin mutane a 2011 saboda lodi ya yi masa yawa. Idan matuƙi bai ba ka rigar kariya kai da yaranka ba, ko ka ga yana ta ƙara fasinja bayan wuri ya cika, ka sauko ka jira na baya.