Wa Ya Ƙirga 'Ya'yan Ƙauyen Alu?

A shekarar 2014 aka ƙaddamar da NgREN ƙarƙashin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, aka haɗa jami'o'in tarayya 27 a kan layin sadarwa guda domin su riƙa musayar bincike da bayanai. Tun 2007 kuma akwai manufar NEMIS, rumbun da aka ce zai tattara alƙaluman kowace makaranta. Ban raina ko ɗaya ba. Abin da na ƙi shi ne hanyar da aka shimfiɗa musu: bayani ya hau Abuja, ba ya saukowa.

A Ƙauyen Alu na tashi, cikin Tarauni. Da na kammala digiri na yi zango biyu ina koyarwa kyauta a wata firamare, kuma ni aka miƙa wa takardar ƙidayar makarantu in cike. Na rubuta yawan yara, da bencinan da suka karye, da ajin da kwanonsa ke zuba tun daminar bara. Takarda ta tafi. Har na bar wurin, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Uban da ya kawo ɗansa bai san malamai nawa aka rubuta wa makarantar ba, balle ya tambayi inda sauran suka shige. Almajiran zauren layinmu kuwa, ban taɓa ganin wanda ya zo ƙirga su ba.

UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta. A 2022 UNESCO ta ce kusan miliyan 20. Masana za su ce shekarun yaran da kowa ya ƙirga ne suka bambanta. Na yarda. Amma duka biyun ƙiyasi ne, kuma ƙiyasi ba ya nuna unguwar da za a tura malami. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Idan iyaye ba su ga lissafin ba, da me za su auna ta?

Ana cewa talaka ba ruwansa da alƙaluma. Wannan raini ne. Mai shagon Gyadi-Gyadi yana sanin farashin gero a Dawanau kafin hantsi, ta waya kawai. A liƙa lissafin kowace makaranta a bangonta, da boko da ajami: malamai, yara, kuɗin gyara. A karanta shi a rediyo, a tura wa iyaye ta saƙon waya, a kuma ba su lambar da za su kira idan an rubuta malamai goma amma huɗu suke gani.