Baftisma ba suna ba ce, mu bar ruɗa jama'a



Makon jiya anka kawo muna sanarwa a gidan radiyo, rubuce da Faransanci. Wani Kirista na cikin garin nan, magidanci mai shekara arba'in da ɗoriya, yana gayyatar dangi da abokai wajen «baptême» ɗinshi. Munka ɗauki takarda munka ce ana gayyatar jama'a suna. Kafin a ƙare shiri waya ta ɗauki ƙara: ƙato da gemu za a raɗa ma suna? Rago nawa za a yanka? Anka sha dariya, har da mu. Daga baya kunya ta kama mu, don laifin namu ne, mu ɗiyan lakwal.

Mu ne munka saba ma mutane da kiran zanen suna «baptême», a katin gayyata, a wajen aiki, har a radiyo. Suna kuwa kowa ya san shi: rana ta bakwai, aski, rago, goro da dabino, liman ya yi fatiha. Baftisma wata aba ce daban. Ga Kirista ita ce ƙofar shiga addini. Ana yin ta da ruwa, ana ambaton Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, alamar wanke zunubi da soma sabuwar rayuwa. Asalinta suna kai shi ga Yahaya, wanda Linjila ta ce ya yi ma Yesu baftisma a kogin Urdun, lokacin yana babban mutum. Ba a yanka dabba, kuma babu ruwanta da kwana bakwai.

To jinjiri ake ma ko babba? Nan su kansu Kiristoci sunka rabu, kuma duka ɓangarorin biyu muna tare da su a jihar Tawa. 'Yan Katolika, waɗanda tun 2001 suke ƙarƙashin bishop na Maraɗi, suna yi ma jinjiri. Uwaye da wani mai tsaya mashi su ke amsawa a madadinshi, bisa alkawarin za su tarbiyyantar da shi cikin addinin. Hujjarsu ita ce alherin Allah kyauta ne, ba ya jiran yaro ya yi wayo. Idan babba ne ya zo masu, sai ya daɗe yana karatu tukuna, galibi a yi mashi a daren Ista.

Masu bin tafarkin mishan SIM, wadda ta buɗe asibitin Galmi a 1950, sun ce a'a. Sai mutum ya girma, ya faɗi bangaskiyarshi da bakinshi gaban jama'a, sannan fasto ya nutsa shi cikin ruwa ya fiddo shi. Jinjiri addu'a kawai ake mashi. Ke nan magidancin da munka yi ma dariya ba wani abin mamaki ya yi ba, ƙa'idar addininshi ya bi.

Kar ku ɗauka gardamar ƙarama ce. A birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, a 1525, wasu sunka ƙi baftismar jarirai sunka sake yi ma junansu suna manya. A 1527 hukumar garin ta nutsar da ɗaya daga cikin jagororinsu, Felix Manz, cikin kogin Limmat har ya mutu. Abin da wasu sunka ba da rai a kai, bai kamata mu maida shi abin raha a shirin gaisuwa ba.

Mun san wani zai ce, mine ne ruwanmu da addinin wasu? Babu wanda ya ce ka yarda da shi. Mu Musulmi ba mu yin baftisma, kuma sanin ma'anarta bai rage ma kowa imani. Amma waɗanga mutane su ne malamin da ke karantar da ɗiyanka, da likitar da ta karɓi haihuwar matarka, da maƙwabcin da ke zuwa sunanka ya ci goro. Shi ya san bikinka, kai ba ka san nashi ba. Kuma inda jahilci ya zauna, jita-jita ke cika wurin. Sau nawa munka ji ana cewa ruwan baftisma ruwan tsafi ne, ko ana biyan mutum kuɗi ya shiga? Wanda ya tuna 16 da 17 ga Janairun 2015, ranar da anka ƙone coci-coci a Damagaram da Yamai, ya san ba a wasa da irin wanga zance.

Don haka gyara ya soma daga gare mu. Abokan aiki masu fassara sanarwa, suna a ce suna, baftisma a ce baftisma. Takarda in ta zo da Faransanci, a tambayi mai ita wanne yake nufi kafin a buɗe makirufo. Shi kuma magidancin nan, mun kira shi mun ba shi haƙuri, mun sake karanta sanarwarshi daidai ba tare da ya biya ko dala ba.

Allah shi ba mu zaman lafiya, shi tsare bakinmu.