Hawa Ba Wuya, Saukowa Ce Mas'ala

Wata shekara, kashegarin Babbar Salla, samarin unguwarmu suka yi ta zuga ni har na bi su Dutsen Kufena, can wajen Wusasa a ƙasar Zazzau, ina sanye da babbar rigar shadda da takalmin fata, sai ka ce wanda aka gayyata ɗaurin aure. Hawa bai ba ni wuya ba, domin mai hawa fuskarsa na ga dutse, yana ganin inda zai kama da inda zai taka. Amma da muka gama kallon gari daga bisa, aka yi ɗan yayyafin da ko ƙura bai kashe ba, na juyo zan sauka, sai na tarar falalen nan da na taka da ƙasaita ya koma kamar an shafe shi da miyar kuɓewa. Ƙarshenta da mazaunai na sauko, riga a naɗe a wuya, takalma a hammata, hula ta riga ni isa ƙasa, ga wani yaro mai kiwon awaki, wanda bai fi shekara goma ba, yana gabana yana cewa, "Baba, cire safar ma, ka juya ka fuskanci dutsen." Wandon kuwa, ba na jin ya halatta a bayyana halin da ya shiga a jarida.

Na daɗe ina ɓoye wannan ƙissa saboda kunya, har na gane cewa ɓoyewar ta fi zamewar muni, domin nasihar da aka yi da murtukakkiyar fuska a ƙofar kunne take tsayawa, alhali kuwa labarin dattijon da ya sauko dutse da jan gindi babu yaron da zai ji shi ya manta. Mahaya duwatsu na Amurka sun riga mu fahimtar haka, don tun 1948 ƙungiyarsu take buga littafi kowace shekara, wanda ke ɗauke da bayanin haɗurran da suka auku da sabubbansu, sau da yawa ma daga bakin waɗanda abin ya shafa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a cikin irin waɗannan labarai shi ne gwanaye ma ba su tsira ba. A 1989, a wani wuri da ake kira Buoux a ƙasar Faransa, Lynn Hill, wadda a zamaninta da wuya a sami macen da ta fi ta iya hawa, ta zura igiya a ɗamarar ƙugunta, wani abu ya ɗauke mata hankali kafin ta ƙarasa ƙullin, ta haye dutsen nan sarai ba tuntuɓe, sa'an nan da ta kai ƙarshe ta jingina da baya don a sauko da ita, sai igiya ta zare, ta faɗo daga nisan da ya haura mita 20. Itaciya ce Allah Ya sa ta rage mata ƙarfin faɗuwar, ta tashi da gocewar gwiwar hannu da rauni a ƙafa. Bayan shekara huɗu ita ce ta fara hawan wata shahararriyar hanya a dutsen El Capitan da ƙarfin hannu da ƙafa kaɗai, igiya tana nan don tsaro kawai, abin da ya gagari mazajen fannin kafin ita.

Na Alex Honnold ya fi ban dariya. Wannan shi ne mutumin da a watan Yuni na 2017 ya hau El Capitan ɗin nan, mai tsawon kusan mita 900, ba igiya ko ta ɗaure akuya, cikin ƙasa da awa huɗu. To amma a 2016, ranar da ya yi abin da masu hankali ke yi ya ɗaura igiya, ranar ce ya ji ciwo a ƙashin bayansa: igiyar ta gaza tsawon hanyar, ba a kuma yi ƙulli a ƙarshenta ba, ana cikin sauko da shi sai bakinta ya sulale ta cikin ɗan ƙarfen da ke riƙe ta, ya yi ƙasa. Ƙulli ɗaya, wanda bai kai ɗaurin tazuge wahala ba, da ya wadatar.

Ba jahilci ne ya kayar da waɗannan biyu ba, gafala ce, irin wadda sabo ke haifarwa, kuma dukkansu a wajen saukowa sakamakonta ya same su, lokacin da jiki kan gaji, zuciya kuma ta riga ta isa gida. Saboda haka ne ma'abota wannan wasa suka mayar da shi tamkar farilla kowa ya duba ƙullin abokinsa kafin ya ɗaga ƙafa, ko da abokin nan shi ya koya masa ƙulli. Malamanmu ba za su ga baƙon abu a nan ba, tun da su suka karantar da mu cewa ɗaure raƙumi ba ya warware tawakkali. Kada kuma a manta tazarar da ke tsakanin dariya da ta'aziyya ba ta kai taƙi ba: mutum bakwai da suka fara kai wa ƙololuwar dutsen Matterhorn a 1865, huɗu daga cikinsu a hanyar saukowa suka halaka, bayan ɗaya ya zame ya ja sauran.

Mu dai ba mu cika hawa da igiya ba, amma duk ranar hutu za ka ga 'yan makaranta a kan Dala da Goron Dutse da Kufena, da silifa, waya a hannu, suna ja da baya da baya don hoto ya yi kyau, babu mai waige. Dala tana da matakala, da sauƙi. Sauran duwatsunmu kuwa ga santsin damina, ga zuma a kogo, ga ranar da ke mai da falale kasko tun kafin azahar. Roƙona ga iyaye da malaman da ke kai yara irin waɗannan wurare shi ne su nemi ɗan gari ya yi musu jagora, su tambayi hanyar sauka tun suna ƙasa, su juyo da sauran rana. Mai karatu kuwa, in kai ma ka taɓa barin wando a kan dutse, don Allah ka ba 'ya'yanka labarin kafin Salla mai zuwa.