Haƙƙin 'Yan Ƙwallon Hannu a Kan 'Yan Kallo

Wata Asabar bayan sallar La'asar, wani aminina da ya daɗe yana kwaɗaitar da ni ga ƙwallon hannu ya ja ni zuwa ɗakin wasanni, muka zauna dab da fili, inda mutum ke jin kukan takalma a kan daɓe, da hakin 'yan wasa, da tsawar mai tsaron gida yana gyara wa abokansa sahu. Mutum bakwai ne a kowane ɓangare, filin kuwa mita 40 ne tsawonsa, faɗinsa 20, saboda haka babu inda rago zai ɓuya; kuma da yake ƙa'ida ta hana wanda ya riƙe ƙwallo yin taku fiye da 3 ko jinkiri fiye da daƙiƙa 3, sai wasan ya zama tamkar zazzafar muhawarar malamai, kowace hujja da raddinta nan take.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani saurayi siriri wanda, da ya iske an toshe masa kowace kafa, ya yi tsalle daga bayan layin mita 6 da shari'ar wasan ta haramta masa takawa, ya saki ƙwallo yana sama, sannan ya faɗi a kan ƙirjinsa har daɓen ya amsa. Ya miƙe, gwiwarsa a ƙuje, ya ɗaga kai yana neman wanda zai yaba masa, alhali kujerun da ke gabansa galibinsu wayam suke. Wallahi na ji nauyin wannan kallo nasa.

A ganina wannan tauye haƙƙi ne, domin sana'ar da ake yi a bainar jama'a ba ta rayuwa sai da shaidu, kamar yadda ɗan dambe ba ya cika sai da makaɗi da taro. Attajiri ba ya zuba dukiyarsa inda ba idon mutane, hukuma kuma ba ta gyara ɗakin da ba mai shiga. A Jamus, ran 10 ga Janairun 2024, mutum 53,586 suka hallara a Dusaldof ranar buɗe gasar Turai. Masar kuwa, da annobar korona ta tilasta mata karɓar gasar duniya ta 2021 ba tare da 'yan kallo ba, kowa ya ga yadda rashin taro ke rage wa wasa armashi. Su lalura ce ta hana su, mu kuwa wane uzuri gare mu?

Kuma ba baƙi ba ne mu a wannan fage. Matan Nijeriya sun ci kofin Afirka a 1991, suka wakilci nahiyar a gasar Olamfik ta Basalona a 1992, kuma har yau ga Kano Pillars da Niger United ta Minna suna fafatawa, ga Sakkwato da ta shahara wajen tarbiyyar yara a kan wasan. Amma samarinmu sun gwammace su biya kuɗi a gidan kallo, su yi ta jayayya har dare kan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Ingila da Sifen waɗanda ba su san da zamansu ba.

Ya kai mai karatu, duk ranar da ka ji an sa wasa a garinku, ka sallaci La'asar da wuri, ka riƙo hannun ɗanka ko ƙanenka, ku je ku cika waɗancan kujeru.