Martani Ga Masu Raina Jiragen Tseren Faransa

Akwai wata tsohuwar magana da wasu marubuta tarihin jiragen sama ke ta nanatawa, wai jiragen Faransa masu fiffike hawa ɗaya, waɗanda aka ƙera daga 1909 zuwa 1914, kayan wasan attajirai ne: sun iya gudu a filin tsere, amma ba su tsinana wa soja komai ba. Masu wannan magana sun daɗe da yanke hukuncinsu, saboda haka ba da su nake ba. Masu karatu ne alƙalai, kuma gabansu zan baje hujjoji.

Zarginsu na farko shi ne fiffike ɗaya ba shi da ƙwari, hujjarsu kuwa hanin tashi da aka yi wa irin waɗannan jirage a 1912. An yi hanin, babu musu. Sai dai sukan ɓoye yadda ya fara da yadda ya ƙare. A Faransa, Louis Blériot, mutumin da ya tsallake tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila ranar 25 ga Yuli 1909 a irin wannan jirgi, shi da kansa ya sanar da hukuma cewa wayoyin da ke riƙe fiffike ta sama suna buƙatar ƙari. Aka dakatar da jiragen na ɗan lokaci, aka gyara, suka koma aiki. A Ingila kuwa, haɗura biyu ne a watan Satumba 1912 suka ci ran hafsoshi huɗu, kuma ɗaya daga cikin jiragen biyu ƙirar Bristol ne, na Ingila. Sojan ƙasa suka hana, sojan ruwa ba su bi su ba. Kwamitin binciken da aka kafa ya ba da rahoto a farkon 1913 cewa bai ga dalilin haramta wannan ƙira ba. Masu zargi sun haddace ranar hani, ranar da aka wanke jiragen kuwa ba ta taɓa fitowa daga bakinsu ba.

Na biyu, wai tsere ɓarnar kuɗi ce da ba ta koyar da komai ba. A dubi aikin injiniya Louis Béchereau a kamfanin Deperdussin. Lokacin da yawancin jirage ƙwarangwal ne na katako da waya, shi ya ƙera gangar jiki sumul da siraran fallayen katako da aka manna, wadda ƙarfinta ke cikin fatarta kamar ɓawon ƙwai. Da wannan jirgi Jules Védrines ya ci kofin Gordon Bennett a Chicago a 1912. Da shi kuma Maurice Prévost ya ci kofin a Reims ranar 29 ga Satumba 1913, yana gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Kwana shida kafin haka, Roland Garros ya ƙetare Bahar Rum daga Fréjus zuwa Bizerte ta Tunisiya a jirgin Morane-Saulnier, kusan awa takwas ba sauka. Abin dariyar shi ne mutanen da ke raina wannan aiki su ne ke yabon SPAD VII da SPAD XIII, fitattun jiragen yaƙin Faransa. Wa ya zana su? Béchereau ɗin nan dai, a kamfanin nan dai, bayan kamfanin ya koma hannun Blériot a 1914. Za su ce ai SPAD fiffikensa hawa biyu ne. Haka ne, amma mai zanen a filin tsere ya koyi yadda ake rage turjiyar iska.

Idan hujja ta ƙare musu, sai su jawo maganar mai kamfanin, Armand Deperdussin, wanda aka kama a 1913 da laifin zamba. Kotu ta riga ta yi aikinta a kansa. Zambar mai kamfani ba ta rage ko kilomita ɗaya daga gudun da agogo ya auna a Reims ba.

Zargin da ya fi kowanne rashin kunya shi ne wai waɗannan jirage ba su yi rana a yaƙi ba. Tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya Raymond Saulnier na kamfanin Morane-Saulnier yake gwajin yadda za a harba bindiga ta tsakanin fukafukan farfela. Da aka ɗaura wa farfelar Morane-Saulnier L ƙarafan kare harsashi, Garros ya kakkaɓo jirgin Jamus ranar 1 ga Afrilu 1915. A irin wannan jirgi ne Reginald Warneford, matuƙin sojan ruwan Ingila, ya tarwatsa Zeppelin, jirgin balan-balan na Jamus, a sararin Beljiyam ranar 7 ga Yuni 1915. Jamusawa, waɗanda ba su da lokacin raini, sun riga sun fahimta: kamfanin Pfalz ya sayi lasisin ƙera Morane, Anthony Fokker kuma ya ɗora ƙirar jirginsa a kan Morane-Saulnier H. Daga nan Fokker Eindecker ya fito, wanda ya addabi matuƙan Ingila da Faransa daga tsakiyar 1915 zuwa farkon 1916. Marubutan da ke ba da labarin wannan azaba shafi bayan shafi, su ne kuma ke cewa fiffike ɗaya bai dace da yaƙi ba.

Dole ɗaya daga cikin maganganunsu biyu ta zama ƙarya. Mai karatu ya tambaye su wadda za su janye.